Yadda nake kula da gilashin mota da waifa a ƙurar Zariya

Wankin mota ne sana'ata, a nan gefen hanyar Samaru, kuma kafin nan na daɗe ina jan motar haya tsakanin Zariya da Kaduna. Gilashin gaba dai na zauna a bayansa, yanzu kuma kullum hannuna yana kansa. Abin da nake so masu mota su gane shi ne, waifar da take ba ka kunya a ruwan Agusta tun a hunturu ta mutu. Watannin nan daga Nuwamba zuwa Maris da ba a samun ko ɗigon ruwa, lokacin da kowa ya manta da waifa, a cikinsu ne ake cinye roba, a kuma karce gilashi. Damina zuwa kawai take yi ta tona asiri.

Mota ta kwana a waje, hazo ya sauka, da safe gilashi ya yi futu-futu. Mai mota ya makara, ga yara za a kai makaranta, sai ya faɗa ciki ya kunna waifa don ya ga hanya. Ƙurar nan da iskar hunturu take kwasowa daga hamada a ido tana da laushi, amma akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Roba ta danne su ta ja su daga wannan gefe zuwa wancan, daidai yake da ka ɗauki sanfefa ka goga. Ranar ba za ka ga komai ba. Sai an kwana biyu za ka lura da wasu siraran layuka masu lanƙwasa, sun bi sawun waifar sak. Da rana tsaka ba sa nunawa. Bari sai la'asar sakaliya, ka taso daga Kwangila ka miƙi hanyar Shika rana tana dukan fuskarka, ko da dare babbar mota ta dalle ka da fitila. Kowane layi sai ya kama hasken ya watsa maka a ido, mai babur ɗin da ke gabanka ya ɓace ɓat.

Wannan karcen ba ya wankuwa. Mutum zai zo ya ce min, "Malam, a wanke min gilashin nan da kyau, da dare ba na gani." Mu wanke shi tas, sannan in kira shi in ce, "Alhaji, ɗan sa farcenka a nan." In farce ya wuce sumul, akwai sauran magana, domin masu aikin gilashi suna iya goge ƙaramin karce da inji. In kuwa farce ya maƙale a layin, sabulu ya gama nasa, sai dai haƙuri ko sabon gilashi.

Saboda haka abu na farko da nake koya wa duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina shi ne, ruwa ne yake fara taɓa gilashi, kafin tsumma, kafin hannu, kafin waifa. Kai ma mai mota haka za ka yi. Ka ajiye gorar ruwa babba a but. Da safe ka zuba daga saman gilashin, ka bar ruwan ya gangaro da ƙurar da kansa. Sai ta tafi sannan ka goge. Wani zai ce ai motarsa tana fesa ruwa in ya ja sandar waifa. Haka ne, kuma in ƙurar ba ta da yawa, wannan ya isa. Amma a yawancin motoci da fesawar da tashin waifar kusan tare suke zuwa, ruwan bai gama jiƙa gilashin ba roba ta riga ta bi ta kai. In ƙurar kwana ce mai kauri, taɓo kawai za ka kwaɓa ka shafe gabanka da shi. Ka fito ka zuba da hannu, ba zai ci maka minti biyu ba. Direbobin da suke kaɗe ƙura da busasshen tsumma, kaɗawar ta fi gogewa sauƙin ɓarna, amma duk da haka ruwa ya fi.

Yaran da suke rugowa da gorar kumfa da ɗan abin gogewa a mahaɗar hanya ko gidan mai, neman halalinsu suke yi, ba na son a kore su da tsawa. Sai dai soson nan nasu ya bi motoci da yawa tun safe, ya kwashi yashi. In za ka bari su wanke, ka ce su fara kwara ruwa sosai. In ba ka so, ka ɗaga musu hannu da wuri tun kafin su fesa.

Maganar tsumma kuwa, a nan ne nake da tsanani. Tsumman gilashi daban, bokitinsa daban. Wanda ya taɓa taya ko gindin ƙofa ba ya sake hawa gilashi, ko an ɗauraye shi. Wanda ya faɗi ƙasa sai an wanke shi kafin a ci gaba. Tawul ɗin nan mai laushi da ake sayarwa musamman don mota shi ya fi, in babu kuma tsohuwar singileti ta auduga mai tsabta tana yi. Guda biyu kake buƙata, ɗaya jiƙaƙƙe na wanki, ɗaya busasshe na tsanewa. Tsofaffin direbobi sukan ƙarasa da takardar jarida, kuma tana fito da gilashi fes, amma sai bayan an wanke shi, ba a kan datti ba.

Kada ka wanke gilashi a tsakar rana, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kumfar tana bushewa kafin ka kai ɗaya gefen, ta bar zane. Abin da ya fi wannan muni, in gilashin yana da ɗan tsagu ko da ƙarami ne, ya sha rana ya yi zafi, ka kwara masa ruwan sanyi, tsagun yana iya gudu a gaban idonka. Da safe, da yamma, ko a inuwa.

Akwai wani datti da ido ba ya gani sai an yi ruwa, shi ne maiƙo. Wanda yake bin hanyar Kaduna ya san yadda ake tafiya a bayan tankoki da tireloli, musamman wajen Mararrabar Jos, suna turo baƙin hayaƙin gas. Hayaƙin nan yana kwanciya a gilashi a hankali. Haka ma man gyaran fenti in mai shafawa ya yi sakaci ya kai shi kan gilashi. Alamarsa ita ce, waifa ta wuce amma sai ka ga wani farin dishi-dishi ya biyo bayanta, ya ɗan jima kafin ya washe, da dare kuma fitilun motoci su yi ta baza haske. Mutane da yawa suna canza waifa a kan wannan, su ga babu abin da ya sauya, su ce an sayar musu da jabu. Maganinsa, bayan ka wanke gilashin ya bushe, ka ɗiga sifirit irin na kemis a tsumma mai tsabta ka goge shi lungu-lungu, kana juya tsumman, sannan ka ɗauraye. Ruwan goge gilashi na kwalba shi ma yana yi.

In kuma wasu fararen ɗigo-ɗigo ne suka ƙi fita, wannan aikin ruwan rijiya ne ko na burtsatse da aka bari ya bushe a kan gilashi, gishirin ƙasa da ke cikinsa ya zauna. Ruwan khal fari irin na girki, ka haɗa rabi da rabi da ruwa, ka jiƙa tsumma ka shafa, ka ba shi 'yan mintoci, ka ɗauraye sosai don kada ya kwanta a kan fenti.

Mu buɗe bonet. Tankin ruwan waifa farar roba ce, a murfinsa akwai hoton gilashi da ruwa yana feshi. Ka duba hoton nan kafin ka zuba komai, domin kusa da shi akwai tankin ruwan lagireto, kuma ga wanda bai saba ba kamarsu ɗaya. Abin da ya fi damuna a nan shi ne garin sabulu. Kusan kowace mota da ta zo min da toshewar feshi, in na leƙa sai in tarar an zuba mata Omo. Na san dalilin, mutum yana ganin zai fi wanke gilashin. Amma garin ba ya narkewa duka, yana taruwa a gindin tanki ya toshe famfo da 'yan ramukan feshi, kumfarsa tana rufe maka ido daidai lokacin da kake son gani, in ta bushe ta bar fari, tana kuma busar da roba. Ruwa mai tsabta kawai ya fi shi sau nawa. In da hali, akwai ruwan da aka yi don wannan aikin, ana samunsa a shagunan kayan mota na Sabon Gari da wasu gidajen mai, ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar. In ruwan rijiyarku mai barin fari ne a jikin buta, ka zuba ruwan leda.

Kada ka yi ta jan sandar feshi alhali tanki ya bushe, ɗan famfon yana iya ƙonewa. In ka ja ka ji yana ƙugi amma ruwa bai fito ba, ko ramin ya toshe ko siririn tiyon ya cire a wani wuri a ƙarƙashin bonet. Allura ko fil ya isa ya buɗe ramin, kuma a motoci da yawa da allurar nan za ka iya juya bakin feshin ya daina harba ruwa saman rufi, ya dawo tsakiyar gilashi. In ba ka ji ƙugin ba sam, a fara duba fiyus kafin a ce famfo ya mutu. Wannan aikin mai rewaya ne. Tankin da ruwa ya daɗe a ciki har ya yi wari ko gansakuka, a zubar a ɗauraye.

Yanzu ita kanta waifar. Duk lokacin da aka wanke mota a ɗaga ta a goge bakin robar. Ka ninke farin tsumma mai ɗan danshi, ka kama robar tsakanin yatsa biyu, ka ja daga sama har ƙasa. Duba tsumman: za ka ga baƙin layi, wani lokaci har da ɗan ƙasa-ƙasa da kake ji a yatsa. Ka juya wuri mai tsabta ka sake ja, har layin ya dusashe. Abin nan da ka cire, shi ne da zai kwana yana jiran ya bi gilashinka gobe. Ka kuma goge gindin gilashin inda waifar take kwanciya, domin nan ne ƙura take taruwa, daga nan take ɗiba duk tashin da ta yi. Daga nan sai ka bi bakin robar da yatsa. Mai lafiya tana da laushi, bakinta a miƙe, in ka lanƙwasa ta ta dawo. Wadda ta gama aiki za ka ji ta ƙandare, bakin ya kwanta gefe guda, ko ya yi gibi-gibi, ko ta fara yagewa daga ƙarshe.

Don Allah kada ka yarda a goge maka ita da fetur ko kananzir, kada kuma a shafa mata man birki ko baƙin mai wai don ta yi laushi. Fetur da kananzir suna lalata roba, mai kuma zai bi gilashin gaba ɗaya ya zama maiƙon da muka yi magana a kai.

A kan hanya ma tana faɗa maka halin da take ciki. In tana barin layukan ruwa a bayanta, ko tana tsalle-tsalle, ko tana kuka, ko ta bar wani fili a tsakiya ba ta share ba, ka fara da wanke gilashi da goge roba. In bai daina ba, lokacinta ya yi. Masu ƙera ta suna cewa a canza tsakanin wata 6 zuwa 12. A yanayinmu na nan, inda rana take gasa roba rabin shekara ba tare da ta yi aiki ba, shawarata ita ce sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya zauna. Wanda ya sa sabuwa a Oktoba ya miƙa wa rani ita ne kawai. Ajiye mota a inuwa yana ƙara mata kwana, haka ma rufe gilashin da mayafin mota. Wasu suna ɗaga hannuwan waifa su bar su a tsaye don kada robar ta kwanta a gilashi mai zafi. Ni ban cika so ba, saboda iska ko yaro yana iya sako ta da ƙarfi.

Wajen saye, ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, duka biyun, domin a yawancin motoci ta gefen direba ta fi tsawo. Da inci ake auna ta, galibi daga 14 zuwa 28, kuma lambar tana jikin kwali. In ta yi tsawo da yawa za su riƙa karo da juna ko ta hau robar gefen gilashi, in ta gaza kuma ta bar maka wurin da ba ta kaiwa. Ka duba maƙalinta ma ya zo daidai da na motarka. Mafi yawa ƙugiya ce mai lanƙwasa, amma sababbin motoci suna da wasu iri. A canza biyun tare. Araha ba ta ado: wadda aka rataye a rana bakin titi wata da watanni ta tsufa tun kafin a saya. Ban kuma ga amfanin sayen waifa 'yar Kwatano ba. Inji ko giya na hannu suna iya fin sabo ƙwari, amma roba shekarunta take ci ko ana aiki da ita ko ba a yi. In ƙarfen taka yana da kyau, ana iya zare robar kaɗai a zura sabuwa, ya fi sauƙin kuɗi. Wani abu kuma da ake yawan mantawa: sabuwar waifa takan zo da wata siririyar leda mai tauri, rawaya ko koriya, da ta rufe bakin robar. A zare ta. Na sha karɓar mota da ita a jiki, mai motar yana ƙorafin sabuwar waifa ba ta sharewa.

Sa ta ba wuya. Kafin komai ka ninke tawul ka shimfiɗa a kan gilashi daidai inda hannun zai sauka. Hannun nan ƙarfe ne mai sifirin, in ya kuɓuce maka babu waifa a jikinsa, bugu ɗaya yana iya fasa gilashi. Ka ɗaga hannun, ka danna ɗan harshen da ke maƙalin, ka zame tsohuwar ta yi ƙasa ta fita daga ƙugiyar, ka zura sabuwar ka ja har ka ji ta yi ƙas. Ka kwantar da ita a hankali, ka jiƙa gilashi, ka gwada. A wasu motocin waifar tana ɓuya a ƙarƙashin leɓen bonet, ba ta ɗaguwa sai an tsayar da ita a tsakiyar gilashi. Kada ka yi mata dole, za ka kankare fenti.

In sabuwa ce, gilashi kuma tas, amma har yanzu ba ta kamawa, to matsalar ta koma hannun. Ko sifirin ya saki ba ya danna ta, ko hannun ya ɗan murɗe, ko notin gindinsa ya kwance. In tana tafiya da ƙyar ko ɗaya tana motsi ɗaya ta tsaya, sandunan da ke juya su a ƙarƙashin murfin nan na gindin gilashi ne suke son a duba. Murfin nan kuma ka riƙa kwashe ganyen da ke taruwa a kansa. Wanda yake ajiye mota a gindin dogon yaro ko mangwaro ya san yadda yake cika. Ganyen yana toshe hanyar da ruwa yake bi ya fita, ruwan ya taru ya jiƙa injin waifa, wani lokaci ya zubo cikin mota ta wajen ƙafar fasinja. Masu Sharon da Siyena, kada ku manta da ta baya, ita ce aka fi bari har ta zama ƙarfe zalla.

Ruwan farko yana zuwa da shinge. Ka yi tafiyar dare a hanyar Funtuwa ko ta Kano bayan an ɗauke ruwa, za ka iso gida gilashi ya cika da su. Kunna waifa a kansu shafe su kawai yake yi. In ka tsaya, ka jiƙa tawul sharkaf ka shimfiɗa a kan wurin, ka ba shi kamar minti 10, za su taso da kansu. Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron itace ma haka, kuma kada a bari su kwana biyu a rana. Ban da kankarewa da makulli ko soson ƙarfe.

Cikin gilashi shi ne ake mantawa, alhali rabin rashin ganin dare daga nan yake. Hayaƙin taba, shafar hannu, da tururin da robar dashbod take fitarwa in ta sha rana, duk suna kwanciya a kai. Ka fesa ruwan gogewar a tsumma, ba a gilashi ba, don kada ya ɗiga cikin dashbod. Ni nakan goge waje daga sama zuwa ƙasa, ciki kuma daga hagu zuwa dama. In zane ya rage, da ganin inda ya dosa na san ko ciki ne ko waje. In an manna wa gilasan gefe baƙar leda, ka guji ruwan gogewa mai amoniya, yana cin ledar.

A ruwan Agusta, gilasai a rufe, mutane cike da mota suna numfashi, nan da nan gilashi yake yin gumi ta ciki. Sai ka ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana shafawa da tafi ko da hularsa. Tafin hannu maiƙo yake ƙarawa. In esi yana aiki, ka kunna shi ka juya iskar ta hau gilashi, ka kuma kashe maɓallin da yake juya iskar ciki don ta waje ta shigo. Esi yana tsotse danshi, cikin ɗan lokaci za ka ga ya washe daga ƙasa zuwa sama. In babu esi, ka ɗan sassauta gilasan gefe, ka ajiye busasshen tsumma mai tsabta kusa da giya. Gilashi mai tsabta ma bai cika saurin yin gumi kamar mai datti ba. Ka kuma kwashe fararen takardu daga kan dashbod, hotonsu yana fitowa a gilashi ya tare maka hanya. Idan ruwa ya kece har waifa a gudunta na ƙarshe ba ta iya share shi, ka rage gudu, ka kunna fitila, ka nemi wurin da za ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka jira.

Saura tsakuwa. Ka ba tifar da ta ɗauko tsakuwa ko yashi tazara mai yawa, haka ma a inda ake aikin hanya. Gilashin gaba falle biyu ne da wata roba a manne a tsakaninsu, shi ya sa in dutse ya buge shi yake yin ɗan tauraro maimakon ya tarwatse. Da zarar ya faru, ka share wurin a hankali ka manna farin salatif don ƙura da ruwa kada su shiga, ka kai wa masu gyaran gilashi da wuri. Ƙaramin tabo ana iya cike shi da wani gam mai haske ya tsaya a nan. In ka bar shi, ramukan hanya da zafin rana za su ja shi har ya ratsa gilashin, bakin tsagun kuma ya riƙa yanka robar waifa duk wucewar da ta yi. Ban da haka, tuƙi da fasasshen gilashi yana cikin laifukan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke cin tara a kai. In tsagun ya yi tsawo, ko ya kai bakin gilashi, ko yana daidai saitin idon direba, canzawa za a yi. In irin wanda ake mannawa da gam ne, ka tambayi mai aikin awa nawa yake so a bar motar kafin a hau hanya, ka bar gilashin gefe a ɗan buɗe, a daina buga ƙofa da ƙarfi, kada kuma a kawo mana ita wankin inji sai gam ɗin ya kama.